Ciyar da tsuntsayen lambu a lokacin sheƙa: a ci gaba ko a dakata?

Mai-Lambu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga Maris ya shigo, sanyi ya fara sassautawa, tsuntsaye kuma sun fara wucewa da ciyawa da gansakuka a baki. Tambayar da ke dawowa kowace shekara ga masu lambu a Birtaniya ita ce: wanda ya ciyar da su tsawon hunturu, ya ci gaba ne, ko ya sauke mazuban abinci har sai 'ya'ya sun tashi? Ina roƙon masana su yi mana bayani dalla-dalla, da abin da ake zubawa, da yawansa, da abin da ke ɓaci.

Baba Dattijo:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi maganar mazubi, a fara sanin abin da ɗan tsuntsu yake ci a cikin sheƙa, don nan ne mutane ke kuskure. Ba hatsi yake ci ba. Tsutsa yake ci, da gizo-gizo, da ƙananan kwarin ganye. Ko gwara, wadda babbarta hatsi ne abincinta, kwari take ɗura wa 'ya'yanta a kwanakin farko.

A ɗauki ƙaramin tsuntsun nan mai shuɗin kai da rawayan ciki, wanda ake kira bulutit. Macen tana yin ƙwai 8 zuwa 12, ɗaya kowace safiya, ta yi kwanci kamar mako biyu, 'ya'yan kuma su zauna cikin sheƙa kwana 18 zuwa 21. Ɗa guda yana iya cinye tsutsa 100 a yini. Idan goma ne, iyaye biyu za su kawo kusan 1,000 tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Shi ya sa suke auna ƙyanƙyasa ta zo daidai da lokacin da tsutsa ke cika sabon ganyen ok, wani babban itacen dajin Turai. Kuma tsutsar nan ita ce ruwan shansu, domin ɗan da ke sheƙa ba ya zuwa bakin ruwa. Busasshen abinci ba ya maye gurbinta ko kaɗan.

Don haka ni a ganina wanda ya daina fesa maganin kwari, ya bar gefe ɗaya na lambu ciyawa ta yi tsawo, ya fi wanda ya cika mazubi biyar taimako.

Hajiya Mai Furanni:
Baba, gaskiya ka faɗa a kan abincin 'ya'ya, amma ban yarda a sauke mazubi gaba ɗaya ba. Mazubin na iyaye ne. Uwar da ke kai-da-kawo ɗaruruwan lokuta a yini, idan ta samu inda za ta cika cikinta cikin minti ɗaya, duk tsutsar da ta kamo sai ta tafi ga 'ya'ya. Sannan ƙarshen Maris da Afrilu su ne lokacin da 'ya'yan itatuwa da irin ciyawa na bara suka ƙare, sababbi ba su nuna ba. Ga kuma kwanakin da sanyi ke dawowa ba zato, ko a wuni uku ana ruwa, tsutsa ta kakkaɓe daga ganye.

Abin da ya kamata a canza shi ne irin abincin da yawansa. A zuba abin da zai ƙare cikin yini ɗaya ko biyu, ba a cika bututu har baki ya yi mako yana jiƙa ba. 'Ya'yan furen sunfulawa ɓararru sun fi, don ba sa barin ɓawo a ƙasa. Tsutsar gari, wadda ake sayarwa da rai ko busasshiya, ita ce ta fi kusa da abin da suke nema a wannan lokaci. Mai rai ta fi. Idan busasshiya ce a jiƙa ta cikin ruwan ɗumi kamar minti 30 har ta yi laushi, a tsane, a zuba cokali ɗaya ko biyu da safe cikin ƙaramin kwano mai santsin gefe. Abin da ya rage da yamma a zubar.

Ɗan Auta:
Hajiya, gyaɗa fa? Na ga ana cewa a daina ta da zarar an shiga lokacin sheƙa.

Hajiya Mai Furanni:
Ɗana, matsalar ƙwaya guda ce da aka watsa a fili. Ranar da kwari suka yi ƙaranci, uwa za ta ɗauki ƙwayar gyaɗa sukutum ta kai sheƙa, ta maƙale a wuyan ɗan da bai wuce kwana biyar ba. Idan dole sai an ba da gyaɗa, a sa ta cikin mazubin raga ta ƙarfe mai ido kamar milimita 6, yadda sai dai su tsaga kaɗan-kaɗan. Kada ta kasance mai gishiri ko soyayyiya. Wadda ta yi funfuna kuwa guba ce, akwai dafin afulatoksin a cikinta.

Haka busasshen burodi, yana cika ciki ba ya gina jiki. Busasshiyar kwakwa da aka goge tana kumbura a ciki. Dafaffen ots, hatsin nan da ake damawa kamar kunu, yana daskarewa a baki. Madara ba ta tsuntsu ba ce. Dunƙulen kitse da aka haɗa a gida yana narkewa idan rana ta ɗaga, ya shafe gashin tsuntsu ya hana shi tare ruwa, ya kuma yi ɗoyi. Na saye kuma, a cire masa ragar leda da yake zuwa da ita, tana kama ƙafa.

Likitan Dabbobi:
Ina neman afuwar Hajiya, amma akwai abin da ya fi gyaɗa kisa, kuma shi ne ya sa nake karkata ga ra'ayin Baba. Tun 2005 wata cuta ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsayen lambu masu cin hatsi a Birtaniya, ana kiranta tirikomonosis. Ƙwayar cutar an daɗe da saninta a jikin tantabara da kurciya. Tana zama a maƙogwaro, ta yi gyambo mai kama da cuku har hanya ta toshe. Tsuntsun yana jin yunwa, yana zuwa mazubi, ya ɗauki ƙwaya, ya kasa haɗiyewa, ya maido ta jiƙe da yawu. Na bayansa ya zo ya ci. Ta haka take yaɗuwa, da kuma ruwan sha, da ɗurar da iyaye ke yi wa 'ya'ya ko namiji ke yi wa mace baki da baki a lokacin nan.

Koren tsuntsun nan girinfinc ya ragu har aka sa shi cikin jerin ja na tsuntsayen da ke cikin haɗari a 2021. Cafinc, wani ƙaramin mai cin hatsi, shi ma yana bin sahunsa. A farkon 2025 ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta dakatar da sayar da teburan abinci masu shimfiɗaɗɗen fili, saboda a irin wannan fili ne ƙwayar da aka amayar take zama a gauraye da mai kyau.

Alamomin da za a lura da su: tsuntsu ya kumbura gashi ko da ba sanyi, ya zauna a mazubi bayan sauran sun tashi, gashin gefen bakinsa a jiƙe ya manne da ɓawon hatsi, yana miƙa wuya kamar mai son haɗiye abu, ka matso kusa bai gudu ba. Da zarar an ga ɗaya, a sauke komai, har da kwanon ruwa, mako biyu zuwa huɗu. Ba zalunci ba ne. Watsewa za su yi su nemi abinci a wurare dabam-dabam, cutar ta rasa mahaɗa.

Hajiya Mai Furanni:
Likita, to ai wannan hujjar tsafta ce, ba hujjar dainawa ba.

Likitan Dabbobi:
Rabi da rabi, Hajiya. Tsafta tana rage haɗari, ba ta kawar da shi, domin tsuntsu marar lafiya yana iya gurɓata bakin mazubi minti biyar bayan an wanke. Amma ga yadda ake wankin ga wanda zai ci gaba.

Sau ɗaya a mako, ba fashi. A waje, cikin bokitin da ba a amfani da shi don wani abu, da safar hannu, saboda kashin tsuntsu yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai kama mutum. A zubar da ragowar abinci cikin shara, ba ƙasa ba. A warware mazubin gunduwa-gunduwa, a goge da buroshi da ruwan zafi da sabulu har ƙurar da ta dunƙule a gindi ta fita. Sai a jiƙa minti 10 cikin ruwan bilic, awo ɗaya na bilic da awo tara na ruwa, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka yi don dabbobi. A ɗauraye sosai. Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe: a bar shi ya bushe ƙarau kafin a zuba sabon abinci. Ƙwayar tirikomonosis ba ta jure bushewa, danshi ne rayuwarta. Mai mazubi biyu ya huta, ɗaya na rataye ɗaya na shanya.

Ƙasan mazubi ma a share, a kuma riƙa sauya masa wuri kowane mako biyu zuwa huɗu. Abin da ya zube shi ne ke jawo ɓera da dare.

Mai Kallon Tsuntsu:
Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Mazubi ba ya yi wa kowane tsuntsu adalci. Masu ƙarfin hali irin bulutit da babban ɗan'uwansa girettit su ne ke cin moriya, su tsallake hunturu da yawa, su cika daji. Akwai ɗan'uwansu mai kunya, wilotit, wanda ke sassaƙa raminsa da kansa cikin ruɓaɓɓen itace, aikin kwanaki. Bulutit yakan zo ya ƙwace ramin. Tsuntsu mai sassaƙar itace, wanda shi ma mazubin gyaɗa ya ƙara wa yawa, yakan fasa ramin ya cinye 'ya'yan. Wilotit ya ragu da sama da kashi 90 cikin 100 tun 1970. Lalacewar dazuzzukan da yake zama babban dalili ne, amma masana da dama suna ganin ciyarwar lambu na da hannu. Wanda lambunsa ke jikin daji mai dausayi ya yi tunani sau biyu. Wanda ke tsakiyar gari, inda gwara da sitalin, baƙin tsuntsun nan mai ɗigo-ɗigo, ke fama da raguwa, lissafinsa dabam ne.

Baba Dattijo:
Madalla. Kun ga ke nan amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Hajiya, mu haɗu a tsakiya: a rage hatsi, a daina amfani da tebur, a riƙe tsutsar gari kaɗan da ruwa mai tsafta.

Hajiya Mai Furanni:
Na yarda da barin tebur, Baba. Hatsin kuwa ina nan a kan bakana har ƙarshen Afrilu, muddin ba a ga marar lafiya ba. Daga Mayu kwari sun wadata, a nan zan bi ka.

Ruwa kuma, tunda ka ambata: kwano mai faɗi, zurfinsa ya fara daga santimita 2 a gefe ya gangara zuwa kamar 8 ko 10 a tsakiya, da dutse a ciki don ƙafa ta samu riƙo, kudan zuma ma ya samu wurin sauka. A zubar da tsohon ruwa kullum, a goge, a bar shi ya ɗan sha iska kafin a cika. Ƙara sabo a kan tsoho ba canji ba ne.

Wani abu kuma da mata masu ƙwai ke nema shi ne sinadarin ƙashi. Ƙwan bulutit bai wuce giram ɗaya da ɗan kai ba, ita kanta kamar giram 11 ce, wato ƙwai goma sun kai nauyin jikinta. Ɓawon dodon koɗi take tsinta ta ci. Ana iya taimaka mata da ɓawon ƙwan kaza: a wanke, a gasa a tanda mai sauƙin wuta kamar minti 10 zuwa 15, a farfasa ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a watsa a gefe, ba cikin abinci ba.

Kafinta:
Salamu alaikum. Bari in shigo da maganar akwatin sheƙa, don ana yawan sayen masu kyan gani waɗanda tarko ne.

Girman rami shi ke zaɓar mai gida. Milimita 25 na bulutit ne da ƙananan 'yan'uwansa. 28 na girettit. 32 na gwara. 45 na sitalin. Robin, mai jan ƙirjin nan, ba ya son rami, akwati mai buɗaɗɗen gaba yake so, a ɓoye cikin ganyen da ke hawa bango, ƙasa da mita 2.

Katako ya kai kaurin milimita 15, kada ya zama wanda aka jiƙa da maganin gara. Siririn katako da ƙarfe da roba suna zafi da rana su yi sanyi da dare. Daɓen ciki aƙalla santimita 10 a kan 10, da ƙananan huji biyu ko uku don ruwa ya tsiyaye. Daga daɓe zuwa rami aƙalla santimita 12 da rabi, don kada kyanwa ta zura hannu ta kai ga 'ya'ya. A karce bangon ciki ƙarƙashin rami da zarto, su samu matakin hawa ranar fita. Sandar nan da ake kafawa a bakin rami don ado, a cire ta. Mai gida ba ya buƙatarta, ɓarawo ne ke tsayawa a kai.

Wurin kafawa: mita 2 zuwa 4 daga ƙasa, fuska tsakanin arewa da gabas, don kauce wa zafin ranar azahar da iskar ruwa da ke zuwa daga kudu maso yamma. A ɗan sunkuyar da shi gaba kaɗan. Idan kurege ko mai sassaƙar itace na yankin, a buga farantin ƙarfe mai rami a bakin ƙofa. Kuma kada a rataya shi kusa da mazubin abinci. Mai sheƙa zai ƙare ƙarfinsa wajen korar baƙi maimakon neman tsutsa.

Ɗan Auta:
Malam Kafinta, yanzu lokaci bai ƙure ba? Kuma tsohon akwatin da ke da sheƙar bara, a kwashe?

Kafinta:
Kafawa ba ta ƙurewa, ƙanena, sai dai wanda aka kafa tun kaka ya fi samun mai shiga, don tun Fabrairu suke leƙe-leƙe. Kwashewa kuwa ta wuce a bana. Lokacinta daga Satumba zuwa Janairu ne: a fitar da tsohuwar sheƙa, a zuba tafasasshen ruwa don kashe ƙuma, ba maganin kwari ba, a shanya. Yanzu idan ka buɗe kana iya tarar da an fara shimfiɗa gansakuka. Kyamarar cikin akwati ma haka, mai son sa ta ya sa kafin ƙarshen hunturu.

Mai Kallon Tsuntsu:
A ƙara da cewa wannan ba shawara kawai ba ce, doka ce. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta ɓata ko rushe sheƙar tsuntsun daji da gangan muddin ana gina ta ko ana amfani da ita, haka ɗaukar ƙwai. Shi ya sa ake cewa a bar askin shinge daga farkon Maris zuwa ƙarshen Agusta. Idan reshe ya tare hanya dole a rage shi, a tsaya nesa a zuba ido minti 15 zuwa 20 tukuna. Tsuntsu mai shiga wuri guda da abu a baki, ko mai fitowa da ɗan farin ƙunshin kashi, ya gaya maka akwai sheƙa. Idan babu, a yi da almakashin hannu, ba inji ba.

Kallon kansa yana da ladabi. Daga taga ko da madubin hangen nesa ya fi. Mai son rubuta bayani, kamar yadda masu sa-kai ke yi wa ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, tun 1939, leƙe ɗaya duk kwana huɗu ko biyar ya isa, bai wuce minti ɗaya ba, lokacin da uwa ta fita da kanta. A guji lokacin gini da farkon kwanci, nan ne suka fi saurin yin ƙaura. A guji kwanakin ƙarshe ma, domin 'ya'yan da suka yi gashi suna iya firgita su watse kafin lokacinsu. Kada a karya ganye don hoto ya fito, kada a tattake hanya zuwa gindin sheƙa. Hankaka yana kallon abin da kake kallo.

Ɗan Auta:
To idan aka tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa yana kuka fa?

Likitan Dabbobi:
A duba gashinsa kafin a taɓa. Idan gashi ya rufe jiki, wutsiya gajera, yana tsalle, gefen baki rawaya, wannan ba maraya ba ne. Haka bilakbad, baƙin nan mai rawayan baki, yake yi: 'ya'yansa suna barin sheƙa da kwana 13 ko 14, kafin su iya tashi sosai, su ɓuya a gindin shuke-shuke, iyaye suna ciyar da su har mako biyu zuwa uku. Iyayen suna kusa, kai suke jira ka tafi. Idan yana kan hanya ko a fili, a ɗauke shi a sa ƙarƙashin ganye mafi kusa, 'yan taku kaɗan, inda za su ji kukansa. Maganar cewa uwa tana ƙin ɗan da mutum ya taɓa saboda wari, ba ta da tushe.

Idan kuwa tsirara ne ko gashin tsilli-tsilli, ido a rufe, ya faɗo ne kafin lokaci. In an san sheƙar kuma ana iya kaiwa, a ɗumama shi a tafin hannu a mayar. In ba haka ba, kwali mai huji, tsumma mai laushi, wuri mai ɗumi da duhu, a kira masu jinyar namun daji. Kada a ɗura masa ruwa. Ƙofar numfashinsa tana gindin harshe, digo kaɗan ya isa ya shiga huhu.

Wanda aka ƙwato daga bakin kyanwa dabam ne. Ko ba a ga jini ba yana buƙatar magani a ranar, saboda ƙwayoyin cutar da ke cikin yawun kyanwa suna kashe shi cikin yini ɗaya ko biyu.

Hajiya Mai Furanni:
Masu kyanwa su taimaka daga Mayu zuwa Yuli. A tsare ta a ɗaki daga awa ɗaya kafin faɗuwar rana zuwa awa ɗaya bayan fitowarta, a sa mata ƙararrawa a abin wuya mai ɓallewa da kansa idan ya sarƙe. Mazubi da kwanon ruwa su kasance kamar mita 2 daga duhuwar ganye: kusa yadda za su tsere wa shaho, nesa yadda kyanwa ba za ta yi kwanto ta dira a tsalle ɗaya ba.

Gilashin taga shi ma yana cin sababbin tashi. Ko dai mazubi ya matso ƙasa da mita 1 da taga, yadda ba su samu gudun da zai ji musu rauni ba, ko ya yi nisa sosai, kamar mita 10. Hoton shaho guda ɗaya da ake mannawa ba ya aiki. Ɗigo-ɗigo ake yi ta wajen gilashin, tazarar santimita 5 tsakaninsu.

Likitan Dabbobi:
Tunda an taɓo dabbobin gida, ga gargaɗi ga masu ajiye gashin kare ko na kyanwa don tsuntsaye su yi shimfiɗa. Idan ana ɗiga wa dabbar maganin ƙuma a wuya, gashin yana ɗauke da shi. Binciken Jami'ar Sussex da ya fito a 2025 ya duba sheƙa 103, ya samu sinadarin fifronil a cikin dukkansu, kuma inda maganin ya fi yawa an fi samun ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba da matattun 'ya'ya. Gashin mutum da zare suna naɗe ƙafa har ta tsinke. Audugar da ke taruwa a injin busar da kaya tana shan ruwa ta rushe. Gansakuka, busasshiyar ciyawa, ƙananan tsinke da ɗan wuri mai laka sun wadatar. Lakar nan masu gina sheƙa a ƙarƙashin indararo ne ke nema idan sun iso daga Afirka a Afrilu da Mayu.

Zabibi da aka jiƙa yana da kyau ga bilakbad, amma guba ne ga kare. Gidan da ke da kare ya bar shi.

Mai-Lambu:
Allah ya saka da alheri. Saura masu ƙafa huɗu. Bushiya ta fara fitowa daga barcin hunturu.

Baba Dattijo:
Tana farkawa a Maris ko Afrilu a rame. Kwanon ruwa marar zurfi shi ne na farko. Abinci kuwa, na kyanwa ko na kare mai nama, jiƙaƙƙe ko busasshe, cokali biyu zuwa uku da magariba, a ɗauke kwanon da safe a wanke. Madara tana sa ta zawo, cikinta ba ya narkar da ita. Tsutsar garin da muka yaba wa tsuntsaye, ga bushiya illa ce idan ta yawaita, haka gyaɗa da 'ya'yan sunfulawa: suna janye sinadarin ƙashi daga jikinta har ƙafa ta lanƙwashe. Wannan ma wani dalili ne na share ƙasan mazubi kafin dare.

Don kada kyanwa ta riga ta, a samu akwatin roba mai murfi, a yanka rami santimita 13 a kan 13 a gefe ɗaya, a naɗe bakin yankan da salatif don kaifi, a sa abinci a can ƙurya, a ɗora bulo a sama. Irin wannan rami, 13 a kan 13, shi ake buɗewa a gindin katanga, da yardar maƙwabci, domin tana yawon kilomita ɗaya zuwa biyu a dare, lambu ɗaya ba ya isarta.

Likitan Dabbobi:
Baba ya gama magana, sai in ƙara raunukan da aka fi kawowa. Na ɗaya injin yankan ciyawa mai igiya. Bushiya ba ta gudu, dunƙulewa take yi, injin ya same ta a fuska. A bi dogon ciyawa da ƙafa ko sanda a hankali kafin a kunna. Na biyu cokalin haƙa a tarin takin ganye. Na uku ragar kayan lambu da ta taɓa ƙasa, a ɗaga ta kamar santimita 30. Na huɗu tafkin lambu mai miƙaƙƙen gefe: tana iyo, fita ce ke gagararta, a jingina katako mai kaushi ko a jera duwatsu kamar matakala, kwaɗi ma za su amfana. Ƙwayar kashe dodon koɗi mai sinadarin metaldihaid an hana amfani da ita a Birtaniya tun Afrilu 2022, wanda ke da tsohon gwangwani a rumbu ya kai wurin zubar da guba.

Haihuwar bushiya ta fi yawa a Yuni da Yuli, 'ya'ya huɗu ko biyar. Idan aka yaye tarin ganye aka ga uwa da 'ya'ya, a mayar da rufin nan take a bar wurin, don uwar da aka dama tana iya gudu ta bar su. Wadda aka gani da rana tana tafiya kai tsaye da ganye a baki, mai shiri ce, a ƙyale ta. Wadda ke kwance a fili, ko tana tangaɗi, ko ƙudaje na binta, tana cikin matsala. A sa ta a kwali mai tsawon gefe da tawul, da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma, a duba tsakanin ƙayoyi da gefen ido ko akwai ƙwan ƙuda mai kama da ƙananan ƙwayar shinkafa, a cire da hantsaki kafin ya ƙyanƙyashe, sannan a kira masu jinya.

Ɗan Auta:
Likita, gorar idan ta huce a bar ta a ciki?

Likitan Dabbobi:
A'a, ƙanena. Gorar da ta huce janye zafin jikin bushiya take yi. A sake cika ta da ruwan ɗumi duk bayan awa ɗaya ko biyu, a kuma bar fili a gefe ɗaya na kwalin yadda za ta matsa idan zafi ya yi mata yawa.